Daga gudun hijira zuwa banki da gidajen haya: yadda ake hawa matakan da inda ƙafa ke zamewa

A watan Agustan 1972 shugaban Yuganda Idi Amin ya ba 'yan asalin Asiya kwana 90 su bar Yuganda. Birtaniya ta karɓi kusan 28,000 daga cikinsu, kuma a cikin waɗanda suka isa Ingila akwai yaro ɗan shekara 16 mai suna Sudhir Ruparelia. Ya yi ta ƙananan ayyuka yana tari, har 1985 da ya koma Kampala da dala 25,000. Bayan shekara goma ya buɗe bankin Crane, daga baya kuma ya shiga sahun waɗanda suka fi kowa gine-gine a birnin. Can a Kambodiya, Pung Kheav Se ya tsira daga mulkin 'yan gurguzu na Khmer Rouge, ya sami mafaka a Kanada, ya koma gida a 1991 ya kafa kamfanin da ya zama bankin Canadia. Mun ɗauki waɗannan biyun ne domin matakan da suka taka a bayyane suke, kuma ɗayansu ya rasa bankinsa, abin da ke nuna daidai inda haɗarin yake. Yawancin waɗanda suka kama wannan hanya a mataki na biyu ko na uku suke tsayawa, kuma wannan ma rufin asiri ne babba. Amma tsarin hawan ɗaya ne ga mai shago guda da mai unguwa guda.

Takarda kafin jari

Wanda ba shi da shaida ba ya iya buɗe asusu, ba ya iya rajistar kasuwanci, ba ya iya kai ƙarar wanda ya cinye masa kuɗi. Saboda haka aikin farko na ɗan gudun hijira, a Ingila yake ko a sansanin Minawao na Kamaru ko a Adre ta Chadi, shi ne katin shaidarsa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 ta yi magana a kan wannan sashe-sashe: sashe na 27 takardar shaida, na 28 takardar tafiya, na 17 aikin albashi, na 18 sana'ar kai, na 13 mallakar dukiya. Sai dai kowace ƙasa da yadda ta zuba wannan a dokarta. Dokar 'yan gudun hijira ta Yuganda ta 2006 ta ba su damar aiki da zirga-zirga, wasu ƙasashen kuwa sun tsare mutum a sansani. Nemi ofishin hukumar da ke kula da 'yan gudun hijira a inda kake, ka tambayi abu uku: ko katinka na buɗe asusu, ko za ka iya rajistar kasuwanci da sunanka, ko za ka iya karɓar hayar shago a rubuce.

Kuskuren da ya fi cinye mutane a nan shi ne sa sunan ɗan gari a kan komai saboda gaggawa. Shago da sunansa, layin waya da sunansa, asusu da sunansa. Ran da ya rasu, magadansa ba su san da wata amana ba, kuma a gaban alƙali takarda ce ke magana. In dole ta sa ka yi haɗin gwiwa da ɗan ƙasa, a rubuta wanda ya kawo nawa da yadda za a raba riba da yadda za a rabu, lauya ya sa hannu, shaidu biyu su sa, kowa ya riƙe kwafinsa.

Akwai kuma abin da masu shirin komawa gida kan manta. A ƙarƙashin yarjejeniyar 1951, wanda ya koma ƙasarsa da son ransa ya sake zama a can, matsayinsa na ɗan gudun hijira ya faɗi. Kada ka sayar da komai ka tattara ka koma sai ka tabbatar da takardar zama ta dindindin a inda ka fake, ko kuma ka tabbatar ƙurar gida ta kwanta da gaske.

Jarin farko da kayan da ke gudu

Dala 25,000 ɗin Ruparelia tarin shekara goma sha uku ne. Wannan shi ne ɓangaren da ba a son ji, amma ba shi da makwafi: a ware wani kaso na kowane abin da ya shigo, ko da ɗaya bisa goma ne, kafin a taɓa sauran. Adashi yana taimakawa domin yana hana hannu kaiwa ga kuɗin, sai dai a yi shi da mutanen da aka san inda suke kwana, kuma uwar adashi ta riƙa rubutawa.

Da Ruparelia ya koma Kampala, kantuna babu kaya bayan shekarun yaƙi, sai ya fara shigo da gishiri da giya daga Kenya. Musulmi ba zai taɓa giya ba, kuma darasin ba a cikinta yake ba. Darasin shi ne ya zaɓi kayan da ake saye kullum, ake biya nan take. Duba lissafin: kayan da ke ba da riba kashi 4 cikin 100 amma suna ƙarewa kowane mako, a wata shida sun juya sau 26, ribarsu ta haura kashi 100 na uwar kuɗi. Kayan da ke ba da kashi 30 amma sai sun yi wata shida a sito, kashi 30 ɗin ne kawai, ga kuɗin sito ga ɓera ga ruwa. Mai ƙaramin jari ya nemi gishiri, sukari, sabulu, man girki, fulawa, abin da ba ya kwana.

Abin da ke kashe wannan mataki bashi ne. Sabon zuwa yana son ya yi jama'a, sai ya riƙa ba da kaya a kan amana, kafin wata uku rabin jarinsa yana hannun mutane. Ka sa iyaka tun ranar farko: bashin da ke waje kada ya wuce ɗaya bisa biyar na jarinka, kuma wanda bai biya na farko ba kada a ƙara masa. Littafi biyu ake riƙewa, na ciniki da na bashi, kuma kuɗin cefane albashi ne da kake yanka wa kanka, ba a ɗiba daga aljihun shago.

Canji: inda ake koyon aikin banki

Ruparelia da Pung Kheav Se ta ƙofar canji da cinikin zinariya suka shiga harkar kuɗi, kuma ba haɗuwar sa'a ba ce. Ƙasar da ta fito daga yaƙi mutanenta ba su yarda da kuɗinta ba. Khmer Rouge sun soke kuɗi gaba ɗaya a 1975, sai a 1980 aka dawo da kuɗin ƙasar, don haka mutane suka saba ajiye dukiyarsu a zinariya. Kamfanin da Pung Kheav Se ya kafa a 1991, shekarar da aka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiyar Kambodiya a Paris, da cinikin zinariya da ba 'yan kasuwa rance ya fara, da haɗin gwiwar babban bankin ƙasar. A Yuganda kuwa, a 1987 gwamnati ta sauya kuɗi, ta cire sifili biyu, ta kuma zaftare kashi 30 cikin 100 na duk abin da aka kawo canzawa. Wanda dukiyarsa ke cikin buhu a takardun shilin ya wayi gari ya rasa kusan sulusinta. Dala a lokacin a kasuwar bayan fage ake samunta, wadda suke kira kibanda, har 1990 da aka halatta shagunan canji. Ruparelia na cikin na farko da suka buɗe shago mai lasisi, kuma ribar wannan shagon ce ta haifi bankin.

Sana'ar kanta, kamar yadda duk wanda ya zauna da 'yan canji a Wapa ta Kano ya sani, ribarta siririya ce, juyawa ce ke tara ta. A ce jarinka dala 10,000, tazarar saye da sayarwa rabin kashi ɗaya cikin 100, ka juya kuɗin sau biyu a yini: ka sami dala 100. Yanzu a ce ka kwana da jarin duka a kuɗin gida, da safe darajarsa ta faɗi da kashi 10: ka rasa dala 1,000, aikin kwana goma. Shi ya sa ɗan canji na gaske kafin ya rufe yake duba wane kuɗi ya yi masa yawa a hannu, ya daidaita. Jabu ma haka: takardar dala 100 guda ta bogi ta share ribar cinikin dala 20,000. A sayi injin ƙirga mai gane jabu, a koya wa yaran shago shafa takarda da yatsa da ɗaga ta a haske, kuma kowane rasit a rubuta lambar katin mai kawo kuɗi. A shari'ar Musulunci canji hannu da hannu ake yinsa, ba a ba da wani ɓangare yau a karɓi ɗayan gobe, kuma wannan ƙa'idar ita ce ma ta fi kare jari.

Ka yi lasisi, ko da tsada. Mai canji a ɓoye ba ya girma ya wuce jakarsa, domin ran da zai nemi izinin buɗe banki, tarihin cinikinsa a rubuce za a fara tambaya. A Najeriya, ƙa'idar Babban Banki ta 2024 ta sa jarin kamfanin canji mai babban lasisi naira biliyan 2, mai ƙarami miliyan 500. Wanda bai kai nan ba ya fara da zama wakilin wani banki ko kamfanin tura kuɗi, ya koyi yadda ake tantance abokin ciniki da rufe lissafin yini.

Lasisin banki da lissafin da ke ƙarƙashinsa

A 1995 da aka buɗe Crane shiga harkar ta fi sauƙi. Yau ƙofar ta yi nauyi: Yuganda ta ɗaga mafi ƙarancin jarin bankin kasuwanci zuwa shilin biliyan 150 daga 2024, Najeriya kuma a shekarar ta ce banki mai aiki a faɗin ƙasa ya kawo naira biliyan 200, na yanki biliyan 50, bankin da ba ya ta'ammali da kuɗin ruwa biliyan 20 ko 10 gwargwadon faɗinsa. Don haka mai hawa daga ƙasa ta ƙaramin bankin talakawa zai bi, ko ƙungiyar ajiya da lamuni, ko ya haɗa jari da wasu. Mai gudun kuɗin ruwa yana da hanyoyinsa sanannu: murabaha, inda banki ke sayen kaya ya sayar maka da ribar da aka faɗa tun farko, ijara, wato haya, istisna'i, wato kwangilar gini ko ƙira, da musharaka, haɗin jari a raba riba da asara.

Abin da babban banki ke dubawa a ko'ina kusan iri ɗaya ne. Daga ina jarin ya fito, da shaidarsa. Su wane ne masu hannun jari na gaskiya. Ko daraktocin suna da ƙwarewa da tsabtar suna. Wane tsari aka yi na shekaru masu zuwa, wane kamfanin binciken kuɗi zai duba littattafai. Dokar Yuganda ta 2004 ta hana mutum ɗaya ko iyali ɗaya riƙe fiye da kashi 49 cikin 100 na banki, kuma hikimarta ita ce a sami wanda zai iya ce wa mai gida a'a.

A nan ya kamata a zauna a fahimci lissafi, domin shi ne zuciyar maganar. Banki mai jarin 10 yana karɓar ajiyar mutane 90, ya ba da bashin 70. In kashi 15 cikin 100 na bashin nan ya maƙale, an rasa 10.5, jarin masu banki ya ƙare kaf, abin da ya rage kuɗin jama'a ne. Wannan ne ya sa ƙa'idar bankuna ta duniya da ake kira Basel ta ce jari kada ya gaza kashi 8 cikin 100 na bashin da aka auna haɗarinsa, ƙasashe da yawa kuma suka ɗora a kai. Bashin da aka yi kwana 90 ba a biya ba ana lissafa shi a matsayin wanda ya lalace, a ware masa kuɗi daga riba. Abin da shugabannin banki kan yi, kuma shi ke jefa su rami, shi ne sabunta wa mai bashin takarda don kada ya bayyana a rubabbe. Ramin yana nan yana zurfi, ranar da masu bincike suka zo suka tona sai a ga jarin ya tafi tun shekara biyu baya. Haka kuma kada a zuba bashi mai yawa a kan mutum ɗaya; a Najeriya iyakar ita ce kashi 20 cikin 100 na jarin masu hannun jari.

Fili da gini

Ɗan kasuwar da ya taɓa ganin kuɗi sun zama takarda yakan gudu zuwa ƙasa da siminti, kuma yana da gaskiya. Ruparelia ya tara gine-ginensa a kamfanin Meera Investments, ya mallaki otal ɗin Speke da wurin shaƙatawa na Munyonyo a bakin tafkin Victoria. Pung Kheav Se ta kamfaninsa na OCIC ya yi gine-gine a tsibirin Koh Pich da ke Phnom Penh. Dukansu sun saya ne a lokacin da wasu ke tsoron ƙasar, fili na araha.

Amma ƙasar da aka yi hijira a cikinta takardun filinta a hargitse suke. A Yuganda dukiyar waɗanda Amin ya kora ta shiga hannun wasu, sai dokar 1982 ta ba masu ita damar karɓar abinsu, gida ɗaya ya zama da masu da'awa biyu ko uku. A Kambodiya an soke mallakar fili ɗungurungum, sai a 1989 aka fara dawo da ita. Saboda haka kafin ka biya ko sisi, lauyanka da kansa ya je ofishin filaye ya duba sunan da ke kan rajista, ko an yi jingina da filin, ko akwai shari'a a kansa. Safiyo ya auna ya gwada da taswirar gwamnati. Kai kuma ka taka da ƙafarka ka tambayi maƙwabta da mai unguwa, ba tare da dillali ba, domin shi la'adarsa yake jira. Ka san kuma abin da baƙo ke iya mallaka: a Yuganda wanda ba ɗan ƙasa ba hayar fili kawai yake iya riƙewa, iyakarta shekara 99, a Kambodiya baƙo ba ya mallakar fili, a Najeriya dokar 1978 ta sa filaye a hannun gwamna, kuma sayar da mai takardar shaidar mallaka sai da amincewarsa.

In akwai mutane zaune a filin, ko da ba su da takarda, maganarsu ake fara gamawa. Koh Pich da iyalai a kai suna noma, kuma tashinsu ya jawo doguwar jayayya a kan diyya. A ƙirga gidaje da gonaki da itatuwa a gaban shugabanninsu, a biya kafin a kawo katafila, a rubuta. Wanda aka taɓa kora daga gidansa ya fi kowa sanin abin da wannan ke nufi, kuma ko ta fuskar kuɗi, shari'ar shekara biyar ta fi diyya tsada.

Lissafin gini kafin a haƙa harsashi ake yinsa. Gidan da ya ci miliyan 100 yana kawo hayar miliyan 9 a shekara, ka cire watannin da ɗakuna ke zama babu kowa, da gyara, da haraji, da albashin mai gadi, abin da zai rage bai fi miliyan 6 ba. In da bashi mai kuɗin ruwa kashi 20 ka gina, kowace shekara kana cike giɓin miliyan 14 daga wani wuri. Gidan haya da ribar kasuwanci ake gina shi, ko da kuɗin abokan haɗin gwiwa, ko a sayar da wani ɓangare tun ana gini. A ƙara kashi 10 zuwa 15 a kan kiyasi saboda tashin farashin siminti da rodi. Ɗan kwangila a biya shi mataki-mataki bayan injiniya ya duba, harsashi, dakin, rufi, kammalawa, a riƙe kashi 5 na kuɗinsa har sai damina ta wuce an ga inda ke yoyo. Bene ba a fara shi sai an gwada ƙasa. Kankaren da aka saba, siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, yana buƙatar a riƙa ba shi ruwa, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake auna shi da shi. Cire katakon dakin da wuri don a kai wani aikin, da rage kaurin rodi, su ne manyan dalilan rushewar gini. Wurin da jama'a za su taru kuma a lissafa ƙofofin fita tun a zane. A Nuwamban 2010 mutane fiye da 340 suka mutu a turmutsitsi a kan gadar Koh Pich lokacin bikin ruwa, taro ya fi ƙarfin hanyar fita.

Katangar da ke tsakanin banki da gini

Mai banki da kamfanin gini a hannu ɗaya yana zaune ne kusa da jaraba kullum. Kuɗin masu ajiya na yau da gobe ne, mai shi na iya zuwa da safe ya ce a ba shi. Gini kuwa sai ya shekara goma sha biyar ko fiye kafin ya mayar da abin da ya ci, kuma ba a sayar da bene a kwana uku. Duk bankin da ya zuba ajiyar mutane a ginin mai shi ya ɗaure kuɗin da ba nasa ba a inda ba ya kwancewa. Ko da bai ba kansa ba, in yawancin jinginar da ya karɓa filaye ne, ranar da farashin fili ya faɗi bashin da jinginar tare suke nitsewa.

A watan Oktoban 2016 Babban Bankin Yuganda ya karɓe Crane, ya ce jarinsa ya gaza abin da doka ta tanada, a Janairun 2017 kuma aka miƙa kadarorinsa ga bankin DFCU. An kai Ruparelia kotu da zargin fitar da kuɗi daga bankin da mallakarsa fiye da ƙima, shi kuma ya musanta. Kotu ta kori ƙarar bisa hujjar cewa bankin da hukuma ta riga ta karɓe ba shi da hurumin shigar da ita, maganar ta ƙare a Kotun Ƙoli a 2022 yana mai nasara, kwamitin majalisar dokoki ma ya soki yadda aka rufe bankin. Duk da haka bankin bai dawo ba. Gine-ginen suka tsaya, domin suna wani kamfani daban mai nasa littattafan, har filayen da rassan bankin ke kai na Meera ne, banki haya yake riƙe da su.

A aikace ga yadda ake gina katangar. Kowane kamfani da rajistarsa da asusunsa da akantansa, kuma kwamitin da ke amincewa da bashi a banki kada mai kamfanin gini ya zauna a cikinsa. In kamfanin ginin na son bashi, ya je wani bankin da zai auna shi kamar kowa. In banki zai zauna a gininka, a kawo mai kimanta kadara daga waje ya yanka haya daidai da ta kasuwa, a rubuta yarjejeniya mai wa'adi, a yi mata rajista a ofishin filaye, a bayyana ta a rahoton shekara da ake kai wa babban banki. Asalin takardun filaye kuma kada a ajiye su a ma'ajiyar bankin da kake da hannu a ciki, domin ranar da hukuma ta rufe shi, da duk abin da ke cikin ɗakin take sa kwaɗo.